Sabuwar salansar tifa: a kama da kilam ko a bi ta da walda?

Mai Tifa Jega:
Slm yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masana manyan motoci ina neman shawara. Salansar tifa ta Howo ce ta gama aiki, tukunyar ta ruɓe ta ƙasa, fayif ɗin ma an yi ta masa faci har babu inda za a sake ɗora wuta, shine na aika Kano Ƙofar Ruwa aka sawo min sabuwa saiti guda, ba ta kamfanin motar bace irin wadda ake ƙerawa daban ce. To ta iso gunduwa gunduwa, fayif da gwiwa biyu da tukunya da wani guntun fayif mai zobe zobe da ke lanƙwasa, sai kilam kilam, wato ƙarafan da ake matse mahaɗar fayif da su, a cikin leda. Mai waldan da nake kaiwa aiki yace in manta da kilam ɗin nan ya jera ta ya bi ta da wuta tun daga bakin turbo, na'urar nan da hayaƙi ke juyawa a jikin injin, har wutsiya ta zama abu ɗaya, wai kilam a irin hanyarmu kwana kaɗan zai saki. Makanike na kuma yace kar in yarda. Su biyun duk na daɗe da su ban taɓa kama ɗaya da ha'inci ba. Motar yashi da dutse take ɗauka kullum tana cikin rami da gargada. Wanne zan bi?

Oga Walda BK:
Wslm Alhaji. Ni sana'ata kenan kuma zan gaya maka abinda nake gani da idona. Kilam ɗin da ke zuwa cikin ledar nan yawanci irin mai kama da U ne mai noti biyu, ƙarfensa ba kauri, ka ɗaure shi da kyau zaren ya cinye, ka bar shi sako sako mota ta shiga gargada fayif ya zame. Sau nawa ake kawo mana tifa wutsiyar salansa ta faɗi a hanya direba bai ma sani ba sai da yaji ƙara ta canza. Walda in an yi ta da kyau ba ta yoyo ba ta zamewa, an wuce wurin. Mai waldan ka ba ƙarya yayi ba.

Baba Makanike Yauri:
Oga Walda ka faɗi rabin magana ka aje rabi. Alhaji tambayi mai waldan ka abu guda, injin motag ga bisa mi yake zaune? Bisa roba yake zaune. Ka ɗaga kan mota ka sa yaro ya tada ta ya taka totur ka tsaya ka duba, zaka ga injin na karkata gefe guda yana dawowa, in an kashe ma sai ya girgiza kamin ya tsaya. To turbo jikin injin take, duk inda ya tahi tana biye. Ita ko tukunyar salansa jikin shasi anka ɗaure ta. Injin na motsi nai daban, shasi na murɗawa nashi daban musamman tifa in ta ɗaga bodi kan ƙasa marar daidai. In ka haɗe su da ƙarfe guda sandararre dole wani wuri ya biya, kuma ba fayif ɗin banza ka biya ba, bakin turbo ka tsagewa ko sitod, ƙusoshin da ka riƙe manifol mai tara hayaƙin injin, su karye cikin kan injin. Wanda ya taɓa haƙo karyayyen sitod cikin silinda hed ya san abinda nike faɗi. Wancan guntun mai zobe zobe da ka gani shi anka sa don ya shanye wannan motsi, shi na fileksibul, kuma duk cikin kayan da anka kawo maka babu wanda ya kai shi amfani.

Oga Walda BK:
Baba ai ban ce a cire fileksibul ba, Allah ya baka haƙuri. Ni ma bana walda a bakin turbo, wannan ganganci ne. Ina maganar daga bayan fileksibul zuwa baya.

Baba Makanike Yauri:
To kai ka san haka, amma duba abinda Alhaji ya rubuta, tun daga bakin turbo har wutsiya anka ce mai.

Mai Tifa Jega:
Eh haka yace Baba, har yace fileksibul ɗin shine ke fara fashewa gara a sa miƙaƙƙen fayif a wurin.

Direban Daf:
Kai Alhaji kar ka soma wlh. Eh yana fara fashewa, to ai aikinsa kenan, gara shi ya fashe da turbo ta fashe, kuɗinsu ba ɗaya ba. Ni albasa nake ɗauka daga Aliero zuwa kudu, akwai abokin tafiyata da aka yi wa irin wannan aikin a hanya fileksibul ya yage aka yanke aka sa masa guntun fayif aka walde, tafiya ɗaya yayi ya dawo ya fara jin fito a gefen injin, ashe manifol ya tsage, mota ta daina ja sai baƙin hayaki, da lodi a kai kuma kun san albasa bata jiran kowa.

Injiniya Zuru:
Assalamu alaikum. Bayan motsin injin da Baba ya faɗa akwai abu na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato zafi. Hayaƙin injin dizal in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu yana haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyas kafin ya shiga turbo, bayan turbo yana raguwa amma har yanzu ɗaruruwa ne. Ƙarfe kuma in yaji zafi miƙewa yake. Baƙin ƙarfe na yau da kullum, fayif mai tsawon mita 3 in zafinsa ya ƙaru da digiri 400 zai ƙara tsawo kusan milimita 14, wato kusan santimita ɗaya da rabi. In sitenles ne, farin ƙarfen nan, irin mai lamba 304 ya kan kai santimita 2. Da safe ya miƙe da dare ya koma, kullum haka. To in ka walde shi gaba da baya kuma ka ɗaure shi da ƙarfe a shasi ba roba, ina wannan tsawon zai je? Zai tura ne, ko ya tura turbo ko ya tsage gefen walda. Shi yasa zaku ga tsagewar bata cika zuwa a tsakiyar waldar ba, a gefenta take zuwa inda wuta ta taɓa ƙarfen ya yi rauni. Kamar wayar da kake lanƙwasawa gaba da baya ce, ba lanƙwasa ɗaya ke tsinka ta ba yawan maimaitawar ne.

Yaron Gareji:
Oga Injiniya dan Allah to kilam ɗin kala nawa ne? Mu a wurinmu mai U ɗin nan kawai muka sani sai wanda ke bakin turbo.

Injiniya Zuru:
Ƙanena suna da yawa amma waɗanda zaka ci karo da su a babbar mota ga su.

Na farko shine mai U ɗin da ka sani. Ana amfani da shi inda bakin fayif ɗaya aka buɗa shi ɗayan ya shige ciki. Yadda yake riƙewa shine ya matse fayif na waje har ya loɓa ya cije na ciki. Yana riƙewa sosai in mai kauri ne, amma ranar da kazo cirewa zaka sha wuya domin ya riga ya yi wa fayif ɗin biyu zobe, sai an gasa da wuta ko a yanke. Kuma baya matsewa daidai ko'ina, ta gefen da sirdin, wato ƙarfen da ke rufe bakin U ɗin, ya haɗu da shi nan hayaƙi ke samun hanya.

Na biyu mai faɗi ne kamar bel na ƙarfe, faɗinsa ya kai inci 3, yawanci sitenles, da bol biyu. Shi yana rungume fayif ne gaba ɗaya baya loɓa shi, ka kwance ka zare fayif ɗinka lafiya. Shi ma iri biyu ne kuma a nan mutane ke kuskure. Akwai wanda aka yi don fayif biyu masu girma ɗaya da suka haɗa baki da baki, shi miƙaƙƙe ne. Akwai wanda aka yi don inda ɗaya ya shige cikin ɗaya, shi zaka ga yana da ɗan tudu a tsakiya gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. In ka sa wancan a wurin wannan ko ka ɗaure har bol ya karye ba zai toshe ba.

Na uku shine na bakin turbo, cikinsa kwari ne mai siffar V. Bakin turbo na da leɓe, bakin fayif na da leɓe, in ka ɗaure kilam ɗin kwarin ke jawo leɓunan biyu su manne. Sai kuma filanji, faranti biyu masu huda da ake haɗawa da bol a sa gaskit a tsakani.

Ɗan Kamba Sifiya:
Injiniya ka gama magana. Ni kaya nake saidawa, in ƙara da abu ɗaya, mutane basa auna fayif kafin suzo. Mutum zai zo yace bani kilam inci 4 ya tafi ya dawo yana faɗa wai na bashi wanda bai yi ba. Inci 4 mili 101.6 ne, akwai fayif kuma mai mili 100 cif, ido bazai raba su ba amma kilam zai raba su. Inci 5 mili 127 ne. Motocin Amurka irin Mack da inci suke tafiya, na Turai da na Caina kuma zaka ci karo da mili. Sannan faɗin waje daban faɗin ciki daban, inda fayif ya shiga cikin ɗan uwansa faɗin wajen na ciki shi ne zai yi daidai da faɗin cikin na waje. Ka zo da guntun tsohon ko ka auna da baniya, ma'aunin faɗin fayif, zare ma in ka zagaya ka kawo ya fi ka zo da baki.

Oga Walda BK:
To duk naji, amma ku faɗi gaskiya mai faɗin nan na sitenles nawa ne a kasuwa kuma a ina Alhaji zai same shi a Jega yau? Abinda ke hannunsa mai U ne na leda. Ku kuna maganar littafi ni ina maganar abinda ke ƙasa. Tifa ce fa, ba motar kwalta ba, tana shiga gulbi ɗibar yashi tana fita.

Baba Makanike Yauri:
Nan kam kana da gaskiya, na ledan nan ban yarda da su ba ni ma. Amma abinda ka sa wutsiya faɗuwa ba kilam na ba Oga Walda, rashin hanga na, wato maratayin da ka riƙe salansa jikin shasi. Kilam ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba, aikinai ya toshe ya riƙe baki. Nauyin tukunya da fayif hanga ka ɗaukar shi. Duk motad da kag ga salansa ta zame duba da kyau zaka iske robar hanga ta tsinke tun tuni an ɗaure da waya ko an bar ta hakanan tana lilo. In ka walde ta ba ka gyara hanga ba wallahi sai ta karye, sai dai ta ɗan ƙara kwana.

Direban Daf:
Wannan haka yake. Kuma wani abu da masu cewa a walde duka basa tunawa, ranar sauke giyabos ko canza kulochi fa? Wasu motocin sai ka kawar da fayif ɗin gaba kafin ka samu hanya. In kilam ne minti kaɗan ka kwance ka aje gefe. In walda ce sai an nemo mai giranda a yanke, a gama aiki a sake nemo mai walda, in a daji abin ya same ka tsakanin Koko da Yauri da dare fa sai ka kwana nan. Duk yanka da sake walda kuma fayif na ƙara gajarta yana ƙara karkacewa.

Mai Tifa Jega:
To yanzu in na fahimta, wani wuri walda wani wuri kilam kenan? Ku fayyace min dan Allah domin gobe nake so a ɗaura, motar kwana biyu tana tsaye.

Baba Makanike Yauri:
Alhaji ga yadda ni zan yi in motata ta. Bakin turbo kilam nai na asali mai kwari, in tsohon bai buɗe ba bol nai da rai a maida shi, in ya gaji a sayi sabo kar a yi jayayya da wanga. A goge leɓunan biyu tas da burushin ƙarfe kar a bar tsatsa ko tsohon gaskit. Wurin ɗaurewa kar yaro ya kama noti ya yi ta ja, a ɗaure kaɗan a ɗan bubbuga kilam ɗin da ƙaramar guduma zagaye don ya zauna cikin kwarinai, a ƙara ɗaurewa a ƙara bubbugawa. In ba a yi haka ba gefen bol ya matse ɗaya gefen na sake.

Fileksibul a sa shi miƙe. Ba gwiwa ba ne, kar a lanƙwasa shi don a cike kuskuren awo, in anka tilasta mai lanƙwasa nan da nan zai yage. Kuma irin mai zobe zoben nan kar a ja shi har ƙarshe kar a tura shi har ƙarshe, a bar shi tsaka tsaki ya samu wurin shiga da fita. Shi ba a walda tai, ƙarfen siriri na wuta na taɓa shi ya huje, kuma mai U na murƙushe shi, wurin nan dole mai faɗi. Ko biyu kaɗai zaka saya masu kyau to na nan ne. Bayan fileksibul kai tsaye a sa hanga mai ƙarfi a shasi don kar nauyin baya ya rataya gare shi.

Daga nan gwiwa da miƙaƙƙen fayif in Oga Walda na son ya haɗe su da wuta ban hana ba. Amma bakin shiga tukunya a bar shi da kilam ko filanji, don tukunya ita ka fara ruɓewa, ran da ta mutu a zare ta ita kaɗai.

Oga Walda BK:
To Baba a nan mun haɗu. In dai za a bani gwiwa da tsakiya ni ba ni da ja. Amma Alhaji ka gaya wa mai waldan ka kar ya yi ta a jikin mota yana kwance a ƙasa. Saman fayif ɗin da ke kallon shasi hannu baya kaiwa, ido baya gani, nan ne ake barin rami, ka ga walda tayi kyau ta ƙasa ta sama kuwa hayaƙi na fita. A jera komai a jikin mota, a ɗiga wuta wuri huɗu a kowace mahaɗa ta riƙe, a ja layi da alli, a sauke a walde a ƙasa ana juyawa. Kuma fayif ɗin nan kaurinsa baya wuce mili 1.5 zuwa 2, kar ya ɗauko ilaktirod geji 10 ya buɗe wuta zai huda shi ne, geji 12 da wuta ƙasa ƙasa, ko ya yi da kabaid in ya iya. In fayif ɗin mai farin shafe ne a goge shafen a bakin kafin a ɗora wuta in ba haka ba waldar zata yi ƙuraje.

Injiniya Zuru:
Ƙari a kan na Oga Walda, a cire kan batir kafin a ɗiga ko ɗigo ɗaya a jikin mota, kuma a maƙala at, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, kusa da inda ake aiki a jikin fayif ɗin kansa. Sabbin motocin nan masu birenbos, wato kwamfutar injin, wutar walda na iya ƙona shi, kuma in at yayi nisa wutar zata bi ta inda ta samu har ta cikin boris. Tankar mai kuwa ba a ma maganar walda a jikinta, a sauke fayif a tafi da shi nesa.

Sannan wurin jerawa, na gaba shi ke shiga cikin na baya, wato yadda hayaƙi ke tafiya haka bakin zai bi, kar hayaƙi ya zo ya ci karo da leɓen fayif. A bar shi ya shige kamar inci 2 zuwa 3. Kar a ɗaure komai tamau sai an gama jera duka an rataye a hanga an duba ko'ina akwai tazara, sannan a fara ɗaurewa daga gaba a yi baya. Mutane na ɗaure na farko tamau su zo na ƙarshe ya ƙi kaiwa sai su sa ƙarfe su banƙaro shi, to tun ranar an ɗora wa turbo nauyin da zai kashe ta.

Na Argungu:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni motar Kanta gare ni ina ɗaukar shinkafa daga fadama, fayif ɗin tsakiya ya huje wani yace in sa fayif ɗin ruwa irin na bohol wai ya fi kauri bazai taɓa ruɓewa ba. Ya kuka gani?

Oga Walda BK:
Malam kar ka sa. Na ɗaya nauyi, ya ninka na salansa, hangar Kanta bazata ɗauka ba. Na biyu farin shafen da ke jikinsa in yaji wutar walda wani farin hayaƙi yake fitarwa, wanda ya shaƙa da dare zazzaɓi da ciwon jiki zasu rufe shi, duk mai walda ya san wannan. Mu ake bari da ciwon. Nemi fayif ɗin salansa ko na Beljiyom ne mai rai.

Ɗan Kamba Sifiya:
Akwai su, kuma na Beljiyom ɗin wani lokaci ya fi sabon kwali. Araha bata ado. In kaje saye ka tafi da maganaɗisu ko na tsohuwar sifika ne. Sitenles 304 yawanci baya kama maganaɗisu, shi ne mai tsada baya tsatsa. Akwai 409 shi yana kamawa kuma yana yin ja ja a fuska amma baya ruɓewa da wuri, shi aka fi yin salansa da shi. Sai baƙin ƙarfe mai shafen alminiyom shi ne mai sauƙin kuɗi. Matsalar maganaɗisu bazai raba maka 409 da mai shafe ba tunda duk yana kama su, nan sai ido da amanar mai kaya.

Yaron Gareji:
To in za a haɗa sitenles da baƙin ƙarfe fa Oga? Mun taɓa yi da ilaktirod na gama gari ya kama amma bai jima ba ya tsage.

Oga Walda BK:
Zai kama amma ba zai daɗe ba. Akwai ilaktirod ɗinsa daban lamba 309, shi aka yi don haɗa sitenles da baƙin ƙarfe. 6013 da muke aikin ƙofa da taga da shi na baƙin ƙarfe ne. In babu 309 a gari to wurin nan kam gara kilam, kaga ni da kaina na faɗa.

Direban Daf:
Wani abu da ban ji an taɓo ba, birkin salansa. Howo na da shi Daf na da shi. Wani faifai ne a cikin fayif bayan turbo, in ka taka ko ka ja makunninsa, iska ta rufe shi hayaƙi ya rasa hanya injin ya riƙe mota a gangara. To in mahaɗar da ke tsakanin turbo da faifan nan tana yoyo birkin ya rage ƙarfi, zaka ji fuuu kawai mota na ci gaba da gudu, sai ka koma kan birkin ƙafa har ya yi zafi, da lodi a gangara wannan ba wasa bane. Alhaji a duba wurin nan da kyau, kuma kar mai walda ya kusanci faifan da wuta, in gidansa ya karkace zai riƙa maƙalewa.

Baba Makanike Yauri:
Madalla da wagga tunatarwa. Kuma yoyon salansa mutane na ɗaukar shi ƙara ce kawai. In gaban turbo yake ƙarfi ka zubewa, turbo bata samun abinda zai juya ta, mota ta yi nauyi ta sha gas. In bayan turbo yake ƙarfi bai raguwa amma wutar da ka fita nan tana gasa duk abinda ta iske, tiyon iskan birki roba na, wayoyi roba na, na ga tiyon iska da ya narke don ɗan ramin da bai kai kan yatsa ba yana hura mai wuta. A bar tazara ko inci guda ce tsakanin fayif da komi, kusa da tiyo da tankin gas kuma fiye da haka, in wurin ya matse a sa faranti tsakani.

Sai yaran mota. Su ka kwana cikin kan mota, lokacin sanyi su rufe gilas wani lokaci injin na aiki. In mahaɗar ƙarƙashin kai na yoyo hayaƙin ciki yake tahowa. Yaro ya tashi da ciwon kai da jiri a ce maleriya ta. Don Allah masu motoci a kula da wanga, ɗiyan mutane na anka ba mu amana.

Na Argungu:
Allah ya saka Baba. To ya ake gane inda ke yoyo in ba a ji ƙara ba?

Baba Makanike Yauri:
Motar gas bata ɓoye yoyo. Duba kowace mahaɗa, inda kag ga baƙin toka ya yi layi ko ya yi feshi jikin shasi to nan na. Da safe in an tada ta da sanyi kana iya kai hannu kusa ka ji iska na bugu, amma kar ka taɓa kuma kar ka yi in ta yi zafi.

Injiniya Zuru:
Masu sabbin Daf da MAN da Actros na Turai ku kuma naku da ƙari. Tun daga matakin dokar hayaƙi ta Turai na Euro 4 da Euro 5 da yawansu na zuwa da tankin AdBlue, ruwa ne mai sinadarin yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da ake fesawa cikin salansa don rage gubar hayaƙi. In mahaɗa na yoyo bayan inda ake fesawar zaka ga farin abu ya daskare a wurin maimakon baƙi. Ruwan nan yana cin baƙin ƙarfe shi yasa fayif ɗin wurin sitenles ne, in aka yi faci da baƙin ƙarfe ba zai je ko'ina ba. Kuma akwai sensa a jikin fayif ɗin, a cire su kafin a kawo wuta kusa.

Mai Tifa Jega:
Tawa tsohon yayi ce babu wannan. Amma a cikin kayan akwai wani ɗan gwangwani na gam mai toka toka, shi kuma fa?

Ɗan Kamba Sifiya:
Na shafawa ne a bakin fayif kafin a zura, in yaji zafi ya bushe ya toshe ƙananan kafofi. Yana taimako inda fayif ya shiga cikin fayif. Amma siriri za a shafa Alhaji, kuma baya maye gurbin kilam, in akwai gibi babba bushewa zai yi ya farfashe ya zube. Kar a sa shi gaban turbo ko kaɗan, in ɓarɓashinsa ya ɓalle cikin turbo zai faɗa. A bakin turbo mai kwari ma ba a buƙatarsa.

Oga Walda BK:
Ni dai har yanzu wutsiya daga bayan tukunya walda zan yi mata in ni ne, guntuwa ce ba nauyi kuma ita ce ke faɗuwa a rami. In tukunyar ta mutu a yanke a maida kan sabuwa.

Baba Makanike Yauri:
In ta gajeruwa ta yi. In doguwa ta ko wadda ka hawa sama bayan kai a'a, tana son hanga tata da kilam, kuma ta sama a yi mata hula ko a lanƙwasa bakin don ruwan damina kar ya sauka cikin tukunya, shi da tokar gas in sun haɗu su ka cinye ta ta ƙasa. Alhaji abu na ƙarshe, a shafa ma zaren bol ɗin man girisin jan ƙarfe in akwai don ran kwancewa. In mota ta yi lodin farko ta yi zafi ta dawo, a bari ta huce sarai, yaro ya shiga ƙasa da sifana ya bi kowane noti ya ƙara mai, zaka iske sun ɗan saki. A sake bi bayan sati guda, a duba robobin hanga tare.